Ƙidayar Jarkoki

Da jami'in tsare-tsare ya kai kan jarka ta ɗari tara, sai ya ga sunan matarsa a jikinta da jan fenti.

Dabarar tasa ce, har an yaba masa a ma'aikata. Maimakon bin gida-gida, sai a je famfon unguwa a ƙirga jarkokin da aka jera don kama layi, kowace jarka gida guda mai mutum bakwai. Da wannan lissafi ake yanke inda za a haƙa rijiya da yawan hatsin da ƙasa za ta noma. Bara jarka ɗari biyu ya samu a unguwarsu. Bana layin ya zagaye makaranta, har da tukwane da bahon jarirai.

Ya koma gida yana huci.

"Maman yara, jarka nawa kika kai?"

"Arba'in. Rabinsu na yayata ne, aro na yi."

"Wa ya gaya wa mutane yadda nake lissafi?"

"Maƙwabciya kaɗai na faɗa wa."

Ya dafe kai. "A takarda mun ninka fiye da sau huɗu cikin shekara guda. Gobe minista zai ce mu rage haihuwa."

"To sai ya faɗa, amma ya fara kawo ruwan mutum dubu shida. Shekara uku kana ƙirga mu daidai, ko ɗigo ba mu gani ba."

Ya dubi takardarsa, ya dubi busasshen famfon kicin. Ya ɗauki butar shayi ya nufi layi.