Rariyar Baba Fannami

"Toshe ta kawai," na ce wa magini.

Ɗaki nake gina wa Iya a jikin katangar da ta raba mu da maƙwabcina, Baba Fannami. Dab da harsashin kuwa akwai wata rariya a gindin katangar.

Baba ya leƙo ta sama. "Yunusa, bar ramin nan. Damina ta kusa."

Da rani na sayi gidan, amma ai na san ruwan Haɗeja. Wato ruwan gidansa zai riƙa turo min gindin ɗakin uwata? Na ce, "Yi haƙuri, Baba." Aka lafta siminti. Kwana biyar ina kauce wa hanyarsa, raina bai kwanta ba.

Ran Talata bayan la'asar aka kece da ruwa. Tsakar gidana ta cika har gwiwa, ruwan yana cin sabon ginin. Ina ta kwarfa da bokiti, sai na ji dukan diga a bayan katanga. Simintin ya fashe, ruwan ya ruga gidan Baba.

Ya leƙo, jikinsa sharkaf. "Gidanka ne a tudu, ɗana. Shekara talatin ke nan ruwan gidan nan ta ƙofar ɗakina yake wucewa."