Gurguzu a Gonar Gyaɗa

Tun daga kan Fir'auna har zuwa kakar bana, ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunci mai gonar gyaɗar nan ta bayan Makoda ba. Yaƙin duniya ma an zauna an yi sulhu. Shi kuwa bawan Allah kadada shida ya shuka, abin da ya kai gida harawa ce, abincin awaki.

Ba wanda ya san ko shi wane ne a garin, "Alhajin Kano" kawai ake ce masa. Wakilinsa Micah, wani dattijo na cocin ƙauyen, shi ke ɗaukar 'yan ƙwadago, shi ke kai musu furar rana. Furar kuwa, to, ba a sa mata nono. Amma ai ruwa ma rahama ne.

'Yan ƙwadagon suna da ƙungiyarsu, wata bazawara mai suna Roda ke shugabanta. Buƙatunsu ba su wuce a bar su su huta da azahar ba, kuma fura ta yi kama da fura. Haka suke lallaɓawa har Kwamared Ikrima ya dawo gida bayan an rufe masaƙar da yake aiki a Kano.

Mutum ne kyakkyawa, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Gemu kamar an zana, murya ba ta neman lasifika. Ya ce jam'iyyar 'yan gurguzu ce ta aiko shi ya wayar musu da kai. Jam'iyyar mutum huɗu ce a shagon wani tela, amma bai ga amfanin faɗar adadi ba. Kullum yamma a gindin tsamiya yana koya musu cewa ƙasa ta mai nomanta ce, kuma ƙungiya jaki ce, jam'iyya ce mahayi.

"Kwamared," in ji Lawan, wani mai cirar gyaɗa, "shi juyin juya halin nan, kafin azahar zai iso ko bayan ta? Don ni yunwa da wuri take kama ni."

Burin Kwamared a yi yajin aiki a gonar Alhaji Badaru, wanda ya taɓa kiransa "rediyo mai gemu" a tsakiyar kasuwar Ɗambatta. Ya hura wutar har ta kama. Sai dai shi da kansa ya koya musu ƙuri'a. Da aka ce a ɗaga hannu, Roda ta ce, "Alhaji Badaru ai furarsa har da sukari. Mu fara da matsolon nan na Kano." Hannaye suka tashi kamar gero. Kwamared ya yi tari, ya kawo hujjoji daga littattafai, aka ce masa rinjaye rinjaye ne. Shi ma ya ɗaga nasa, a hankali.

Ga shi gyaɗa ta nuna, ruwan ƙarshe ya sauka. Kowane manomi ya san in ba a cire ta ƙasa na da danshi ba, ƙasar za ta ƙame ta riƙe 'ya'yan, sai ganye ya biyo hannu. Kwana bakwai ne, in an yi sa'a.

A rana ta uku da fara yajin, Micah ya zo gindin tsamiya da saƙo: Alhajin Kano ya sauko, za a sa nono.

"To, alhamdu lillahi," in ji Lawan.

"Mun gode Allah," in ji Roda. "Gobe kowa ya fito da fartanyarsa."

Da an tashi a nan, da shi ke nan. Amma aka ce Kwamared ya rufe taro da 'yar magana. Ya hau turmi. Mata suka rangaɗa guɗa, har da mutanen ƙauyukan kusa da suka zo kallo. Wallahi irin wannan guɗar ko waliyyi sai ta ɗebe shi. Ya fara da godiya, ya zarce kan ma'aikatan duniya, ya ji tafi, ya ƙara wuta.

"Nono?" ya daka tsawa. "Mu za a rufe wa baki da nono? Saniyar muke so!"

Wuri ya ɗauka. Aka ɗaga shi sama, aka zaga tsamiya da shi sau uku. Micah ya tsaya baki buɗe yana kallonsa, sannan ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye.

Yaji ya ƙara kwana tara. Kowace safiya ana ganin Kwamared a bakin gonar yana murza ƙasa da yatsu, aka ce dubi yadda yake son talaka, har ƙasar da talaka ke takawa.

Ran da aka sasanta, a kan nonon nan dai, ƙasa ta zama dutse. Aka ja, ganye ya fito, gyaɗa ta zauna. Al'ada kuwa tun kaka da kakanni, abin da ya rage a ƙasa bayan cira na masu roro ne, mai gona ba shi da bakin magana. Roda ta kwaso matan garin kaf da 'yan fartanyoyinsu. Sati biyu suna tono, kowace ta cika buhu, wasu biyu.

"Kwamared, ashe gaskiyarka," in ji Roda, ta zuba masa kwano ɗaya a aljihun riga. "Ƙasa ta mai tononta ce."

Yanzu Micah ya dame ni wai a kai ƙara wurin dagaci. Ƙarar wa zan kai? Gonar tawa ce, a ɓoye na saye ta don kada jam'iyya ta ji, kuma kyakkyawan mutumin nan da ya hau turmi, ni ne.