Auren da Colorado Ta Ɗaura

Ƙarfe tara saura kwata Malama Verna Tolliver ta isa kotun rabon gado, da jakar takardu a hammata. Shekara talatin da takwas ta koyar da lissafi a jihar Ohio kafin ta yi ritaya, kuma ba ta taɓa barin kuskure ya kwana a kan allo ba. Wannan karon jiha guda ce ta tafka kuskuren, ita kuma ta zo ta gyara.

Maganar gida ce. Leland Hruska, tsohon direban motar makaranta, ya mutu a watan Maris. Ya bar gida mai bene a wani ƙaramin gari na jihar Colorado, inda ya koma shekara shida da suka wuce saboda likita ya ce iskar can za ta yi wa huhunsa kyau. Wasiyyarsa tun a Ohio ya yi ta, da lauya, da shaidu biyu. Abin da ta ce bai wuce layi ɗaya ba: komai na Dwayne ne, ɗan ƙanwarsa.

Sai lauyan da kotu ta ɗora a kan gadon ya tono wata magana. A Ohio, in ba a ɗaura maka aure an ba ka takarda ba, tuzuru ne kai har kabari. A Colorado kuwa, in namiji da mace suka zauna gida ɗaya suna nuna wa jama'a su ma'aurata ne, aure ya ɗauru ke nan, ba coci, ba biki. Leland kuma da wata mace ya yi ƙaura. In kotu ta ce matarsa ce, gida ya zama nata, Dwayne ya tashi a tutar babu.

Dwayne ya tare ta a bakin ƙofa cikin kwat ɗin aro.

"Anti Verna, Allah ya saka miki."

"Ni ba antinka ba ce. Tofar da cingam ɗin nan."

Ta san sarai sayar da gidan zai yi ya sayi kwalekwale mai inji, ya kife da shi kafin kaka. Wannan bai dame ta ba. Abin da mamaci ya rubuta shi za a bi.

A gaban Mai shari'a Ortega ta jera hujjojinta, kowace da lambarta. Matar da ake magana a kanta, in ji ta, a sama take kwana, Leland a ƙasa, saboda minsharinsa har tagogi yake girgizawa. A firiji kowa da ɓangarensa. Ko safa ɗaya ba ta taɓa wanke masa ba. Ba ta ɗauki sunansa ba, ba ta sa zobensa ba.

Mai shari'a ta ɗaga wani kati na wurin ninkayar dattawan gari. An rubuta "miji da mata", kuma su biyun duk sun sa hannu.

"Rangwame ake yi wa ma'aurata, ranki ya daɗe. Rowar Leland ce wannan, ba soyayya ba."

"Maƙwabcinsu ya ce kullum Leland uwargida yake ce mata."

"Karen maƙwabcin ma Sanata yake ce masa. Shi ma za ku ba shi kujera a majalisa?"

Magatakarda ya sunkuya yana tarin ƙarya. Dwayne ya washe baki, ya soma tunanin launin da zai yi wa kwalekwalensa.

Sai Mai shari'a ta zaro takarda ta ƙarshe. Daga asibiti ta fito, ɗakin masu tsananin ciwo, inda ba a barin kowa ya shiga sai dangi na jiki. A gurbin dangantaka an rubuta "matarsa", da rubutu mai kyau, kowane harafi a tsaye. Kwana goma sha ɗaya matar ta yi a kujerar gefen gadonsa. Wata nas ta shaida cewa ita ke ba shi romo da cokali, tana yi masa faɗa ya daina zuƙa da ƙara kamar famfo.

Malama Tolliver ta daidaita takardunta, ko da yake a daidaice suke.

"Ba za su bar ta ta shiga ba in ba ta rubuta haka ba," ta ce a hankali. "Shi kuma tsoron allura yake yi."

Mai shari'a ta cire tabarau. Ta ce hujja ta isa, a idon dokar Colorado Leland Hruska da aurensa ya mutu, gida na matarsa ne. Dwayne ya zame a kujera kamar buhun da aka farke. Amma akwai mafita, in ji Mai shari'a. In matar ba ta son gidan, ga fom, ta sa hannu ta yafe, nan take ya koma ga Dwayne.

Magatakarda ya miƙo fom ɗin. Dwayne ya farfaɗo, har da ciro biro daga aljihun kwat.

Malama Tolliver ta karanta daga sama har ƙasa, kamar yadda take duba takardar jarrabawa. A ƙarƙashin layin sa hannu an buga kalmomi biyu: matar marigayi. Ta tura fom ɗin ya koma inda ya fito, ta rufe jakarta, ta miƙe.

"Ina ake ɗaukaka ƙara?" ta tambaya. "Sau uku na ƙi mutumin nan yana da rai, ba jihar Colorado ce za ta aurar da ni ga gawarsa ba."