Kafaɗar Kulu

Malama Halima ba ta gama busa usur ba, Naja'atu ta ji ta a ƙasa. Kafaɗa ce ta same ta ta baya, inda doka ta hana duka, tayoyin takalminta suka kalli sama, ƙafar hagu ta lanƙwashe, ji kake ƙas! Daɓen siminti ne na tsohon siton gyaɗa, wanda ya zama kango tun da ɓarayin daji suka hana noma a Karare da kewaye.

Da ta ɗago, Kulu ce tsaye a kanta tana haki.

Kulu fa! A wasan nan na takalmin taya, mata huɗu ke haɗa kafaɗa su yi katanga, ta biyar mai tauraro a hular kwano ta kutsa ta wuce 'yan ɗaya ɓangaren, duk wadda ta wuce ta ci maki. Naja'atu ce mai tauraron ƙungiyar matan Batsari, Kulu kuwa ita ke buɗe mata hanya. Tun da Malama ta zo aikin koyarwa da buhun takalman gwanjo, ta tara matan da aka koro daga ƙauyuka, ba a taɓa zaunar da Kulu kan bencin masu laifi ba. Ko da aka sace ɗanta Uwaisu a gona ba ta fasa zuwa ba, duk ta rame, sai ido. Yau da aka raba su gida biyu don gwajin ƙarshe kafin tafiya wasa Safana, ita da bakinta ta nemi a sa ta a ɓangaren da zai tare Naja'atu.

"Ba za ki je Safana ba," Malama ta ce wa Kulu. "Tuɓe takalman."

Kulu ta tuɓe ta ajiye. Ko haƙuri ba ta bayar ba.

Mai ɗori ya ce karaya ce. Naja'atu ba ta yi kukan ɗorin ba, kukan Safana ta yi. Bara matan Safana sun zo har gida sun lallasa su, suka tafi suna guɗa. Shekara guda tana faɗuwa tana tashi a kan simintin nan, tana haɗiye habaicin masu cewa matan aure sun koma amalanke, don dai ta rama. Ga shi an tsayar da rana, an sami mota. Saboda halin hanya, Malama ta ɓoye ranar da sa'ar tashi, 'yan wasa kawai suka sani, ko mazajensu sai da safiyar za su ji. Sai kuma a ce tana kwance, ƙafa ɗaure da kara? Ta yi wa Kulu Allah ya isa har maƙwabta suka jiyo.

Amma tauraron ba zai bar gidansu ba. Ƙanwarta Mubina na cikin 'yan jiran ko-ta-kwana, ga sauri, ga rashin tsoro, tun farko ma ba ta cikin masu tafiya. Naja'atu ta aika wa Malama cewa a ba Mubina gurbinta. Innarsu ta ce ba da ita ba, wannan hanyar? Naja'atu ta yi ta magiya har tsohuwar ta gaji ta ce Allah Ya tsare. Da hannunta ta ɗaura wa Mubina igiyar hula.

"Kar ki dawo mini da kunya."

"Haba Yaya! Ki dai tanadi guɗa."

Motar ba ta kai Safana ba. Direban ne kaɗai ya dawo wajen azahar, ba takalmi, ba hula. Ya ce ba tsautsayi ba ne, jiransu ake yi a wata kwana, babura sun fi a ƙirga, an bar motocin gabansu sun wuce. An kora matan daji duka, har Malama.

Gida ya cika da 'yan jaje. Kowace ta shigo sai ta dubi ƙafar ta ce, "Kin ga ikon Allah ko? Ashe karayar nan rahama ce." Rahamar me? Naja'atu ji take kamar ta sare ƙafar ta jefar. Inna ba ta taɓa ce mata ke ce sila ba, ta dai daina kallon fuskarta, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Kulu ba ta leƙo ba, ba dubiya, ba jaje.

Ana cikin haka Uwaisu ya shigo gari da ƙafarsa, duk ƙaya a jiki. Gari ya ɗauka. Kulu ko akuya ba ta da ita balle abin fansa, sai aka ce yaron kuɓucewa ya yi, addu'ar uwa ce.

Naja'atu ta ari sanda ta ɗingisa har gidan. Ta je yin barka, ta je tambayar ko ya ga Mubina, ta je kuma janye Allah ya isar da ke ci mata rai. Ta sami Kulu a bakin murhu tana dama wa yaron kunu. Da aka ambaci Mubina, Uwaisu ya dubi uwarsa, ya tashi ya shige ɗaki.

"Yaya Kulu, ki yafe mini," in ji Naja'atu, hawaye na zuba. "Na zage ki a banza. Ba don kuskuren kafaɗarki ba, da yanzu ina can."

Ludayin ya tsaya a hannun Kulu. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba kuskure ba ne, Naja. Da na faɗa wa ɓarayin ranar da motar za ta bi don su sako mini ɗana, ke kaɗai na iya cirewa daga cikinta, wallahi ban san Mubina za ki saka ba."