Hoton Mama a Inuwar Mangwaro

Babana malamin firamare ne a Kagoro, kuma yana da tsohuwar kyamara da yake ɗaukar mu hoto ran Lahadi bayan coci. Ba ya son hoto mai toka-toka. Yakan ce, "Baƙi ya yi baƙi, fari ya yi fari."

Da aka sallamo Mama daga asibiti a Kafanchan, ta sa farar rigarta da yamma, Baba ya tsayar da ita a bakin ƙofa, duhun ɗaki a bayanta, rana tana dukan gefen fuskarta. Ya leƙa ta kyamarar, ya daɗe bai danna ba.

"Malam, ƙafata ta gaji fa," in ji Mama tana dariya.

Na matsa sai na leƙa, ya ɗaga ni. Hasken ya tona kowane ƙashi na fuskarta, idanunta sun faɗa ciki. A nan na gane Mama ba warkewa ta yi ba.

"Mu koma inuwar mangwaro," in ji Baba.

Hoton ya fito dishi-dishi, kumatunta kamar a cike. Yana bangon falona yanzu. Idan mutane suka ce, "Kai, mamarku ta ji daɗi a nan," ba na gyara musu zance.