Katangar da Ba a Taɓa Wucewa Ba

Koci yana ɗaure igiyar takalminsa Dogo ya shigo ofis, ya ajiye rigarsa mai lamba ashirin da uku a kan tebur. Mai tsaron baya ne, kaka biyu ke nan yana ɗumama benci. Ya ce ya gaji, zai koma shagon waldar yayansa.

Koci bai hana shi ba. Ya dai roƙe shi ya jira wasan Asabar, na ƙarshe. In sun yi canjaras sun tsira. In sun sha kashi, ƙungiya ta gangara rukunin ƙasa, shi kuma Koci a sallame shi.

Katanga 'yan wasa ke kiran Koci, saboda kurin da ba ya gajiya da yi: shekara tara yana ƙwararren mai tsaron baya a wata ƙungiya mai nisa, ba ɗan gaban da ya taɓa wuce shi, ba alƙalin da ya taɓa ɗaga masa kati. In ya faɗa, shi ke fara dariya. Likitan ƙungiya yana mamakin lafiyar gwiwoyinsa. Matar Koci kuwa takan ce duk cikin matan 'yan ƙwallo ita ce ba ta san wahalar wanki ba.

Ranar Asabar sai ga sunan Dogo cikin sha ɗayan farko. Mataimakin Koci ya ɗauka kuskuren rubutu ne. Shugaban ƙungiya ya sauko har bakin fili yana tambaya ko Koci ya gaji da aikin ne.

Minti biyar da farawa Dogo ya taka ƙwallo ya zube. 'Yan kallo suka yi ta ihun a cire shi. Koci ya tura hannu cikin aljihu, ya ƙi waiwayawa.

Sannu a hankali Dogo ya daidaita. Saura minti biyu a tashi, ɗan gaban abokan hamayya ya yanke gola, ya buga wa raga ba kowa. Dogo ya zo da gudu ya tare da fuskarsa. Aka tashi babu ci.

A ɗakin sauya kaya, da auduga a hanci, Dogo ya tambayi Koci me ya sa ya jingina abincin iyalinsa a kan mutum irinsa. Koci ya ce ya san yadda mutum ke ji in ya tashi ya yi ɗumin jiki, sannan a ce masa ya koma ya zauna.

"Kai, Koci? Kai da ba a taɓa wucewa ba?"

Koci ya zauna kusa da shi yana murmushi.

"Ɗana, ban yi muku ƙarya ba. Shekara tara ina benci, ko minti ɗaya ba a taɓa sa ni ba. Wa zai wuce ni?"