Ranar da Na Hura wa Baba Akuya

Babana mahauci ne a unguwar Coal Camp. Fuka ta cinye masa ƙirji, amma kullum da bakinsa yake hura akuya ta ƙafa don fata ta saki. Wata azahar na dawo daga makaranta, na tarar tari ya durƙusar da shi, mai akuyar tana ta faɗa.

Ya ce, "Kai, ajiye jakar nan, zo gwada."

Na kafa baki, ƙarni ya cika min hanci, na hura har akuyar ta kumbura. Ya yi dariya yana haki. "Ashe ƙirjina yana wajenka."

Daga ranar ban sake shiga aji ba, ni na karɓi aikin Baba. Allah ya jiƙansa. Har yau in motar Legas, garin da na so zuwa karatu, ta wuce, sai in bi ta da kallo, in koma kan wuƙa.